Rasit na Aikin Gayya

Takardar ofishin haraji ta iso wa Shadliya ranar Talata, kuma ni na fara riƙe ta, don mai kawo wasiƙu ya tarar da ƙofarta a rufe ya miƙo mini ta kan katanga. Ban buɗe ba. Ɗaga ta kawai na yi saitin rana, na ga hatimi, na ga sunanta. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma na san ba da irin wannan hatimin ake gayyatar biki ba.

Shekara arba'in da ɗaya muna maƙwabtaka da Shadliya a nan tsibirin Jarba, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Da mijinta Ayyad ya rasu, shekara tara ke nan, abin da ya bar mata shi ne tsohon gidan kakanninsa: ɗaki huɗu, tulluwar rufi uku, tsakar gida, da rijiyar tara ruwan sama. Babu fansho, babu kanti. 'Yarsu Wafa da ke aiki a Tunis ita ta zo ta ɗauki hotunan gidan ta zuba a waya, sai ga baƙi sun fara zuwa hutu. Jamusawa, Faransawa, wani lokacin iyalai daga Libiya. Shadliya ta kwashe kayanta ta koma ɗan ɗakin da ke bayan lambu, ta bar musu gidan. Da kuɗin hayar take ci, da shi take sayen maganin hawan jininta. Kuma da yake ta banki kuɗin ke shigowa, gwamnati ta ji ƙanshinsu.

Da ta dawo daga kasuwa na ba ta. Ta juya ta gaba, ta juya ta baya.

"Me suka ce, Tamna?"

"Ni na sani? Ban buɗe ba."

"Ba ki buɗe ba? To lallai ba ki da lafiya."

Washegari muka shiga cikin gari wurin Si Munji, mai rubuta wa mutane takardu a ɗan shagonsa kusa da gidan waya. Mutum ne siriri mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a rataye a wuya, kuma ban taɓa ganin ya cire rigar sanyinsa ba ko a tsakiyar zafi. Ya karanta, ya ce ba wani abin tashin hankali ba ne. Suna so ne kafin ƙarshen Fabrairu ta cika fom ta faɗi abin da gidan ya kawo bara, ta biya abin da ya hau kanta. Ya buga lissafi ya juyo mata da na'urar ta gani. Shadliya ta dafe ƙirji.

"Wannan ai kuɗin wata biyu ne na bazara!"

"Kwantar da hankalinki, Hajiya, ba mu gama ba. Ga wani gurbi nan a ƙasa. Duk abin da kika kashe wajen gyaran gidan ana cire shi tukun, sannan a yanka haraji a kan saura. Kin yi gyara bara?"

Gyara kai! Bara ne babbar tulluwar ta tsage bayan ruwan kaka, rijiyar ma ta fara yoyo. Kwana tara maza shida suna kan rufin, aka kankare, aka yaɓe, aka shafe gidan da farar ƙasa ciki da waje har sau uku. Si Munji ya yi murmushi ya ce madalla, wannan aiki ba zai gaza dinari dubu huɗu ba, kuma zai sauke mata nauyi sosai.

"Kawo rasit ɗin maginin."

"Wane rasit?"

"Na kuɗin da kika biya shi."

"Am Sasi ne fa ya yi aikin."

Si Munji ya sauke tabarau na hanci ya ɗora na wuya. Shi ma ɗan tsibirin nan ne, ba sai an yi masa bayani ba.

Am Sasi, wato Baffa Sasi, shi ne maginin unguwarmu, kuma shi kaɗai ya rage da ya san yadda ake ɗinke tulluwa da farar ƙasa ba da siminti ba. Idan baƙo ya kira shi aiki, ya kan yanka kuɗinsa ba sassauci. Amma gidajen unguwa da gayya aka gina su, da gayya ake gyara su. Ayyad ya yi wata biyu yana jidar dutse a kafaɗarsa lokacin da Sasi ke gina nasa gidan. Tun daga ranar zuwa yau ko ƙwandala ba ta taɓa ratsawa tsakanin gidajen biyu ba. Duk watan Afrilu Sasi zai shigo ta ƙofar lambu da tsaninsa da mutanensa, ba tare da an aika masa ba, matar gida kuma ta ɗora tukunya. A wurinmu wanda ake yi wa aiki a karɓi kuɗinsa baƙo ne, ko da a unguwar aka binne cibiyarsa.

Shadliya ta ce, "Amma na kashe kuɗi, Si Munji. Maza shida kwana tara ba iska suka sha ba."

"To kawo abin da kike da shi mu gani."

Kwana uku muka yi muna zagaye. Mahauci ya rubuta mata rago ɗaya da rabi. Mai kanti ya buɗe littafinsa ya rubuta garin kuskus, sukari, ganyen shayi, tumatirin gwangwani. Mai kifi bai iya rubutu ba, ya ce mu rubuta ya dangwala. Muka kai wa Si Munji cikin leda. Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya da yatsa biyu, don na mai kifin har da ɓawo a jiki.

"Hajiya, wannan fa rago ne."

"Rago ne. Shi ya hau da su rufin."

"Na yarda. Amma a fom ɗin nan babu gurbin rago."

"To su buɗe masa gurbi mana. Ba su suka buga takardar ba?"

"Idan na rubuta rago a ƙarƙashin gyaran gini, za su ce ke kika cinye abinki da sallah."

"Ni? Da waɗannan haƙoran?"

Cikin tarin takardun nan ɗaya tak ya ware gefe, na buhunan farar ƙasa da ta saya a shagon kayan gini, dinari ɗari da tamanin. Sauran ya mayar mata cikin ledar. Sai ya rage murya, ko da yake mu uku ne a shagon.

"Da Am Sasi zai rubuta layi biyu, ya ce ya karɓi kaza na aikin kaza, ya sa lambar katin shaidarsa ya sa hannu, da sai mu gwada. Kusan dinari ɗari takwas za su rage miki."

"Bai karɓa ba."

"Na sani. Amma aikin ai an yi shi. Ba ƙaryar gini za a yi ba."

Shadliya ta miƙe ta gyara mayafinta. A cikin motar haya na sake taso da maganar. Na ce ɗari takwas fa, maganinki na shekara guda ke nan da canji. Takarda ce kawai za ta shiga cikin tarin takardu, wa zai gani?

"Tamna, ki saurare ni da kyau. In ce wa Sasi ya rubuta da hannunsa cewa ya karɓi kuɗi a hannun matar Ayyad? Gara in sayar da awarwarona. Kuma idan na ji wannan maganar a bakin wani, na san daga inda ta fito."

"Ni wa zan gaya wa?"

Ta kau da kai wajen taga.

To, ni ban gaya wa kowa ba. Burniya kaɗai na gaya wa, matar Sasi, kuma ba gulma na je yi ba, taimako na je nema. Na ce a raina, mata su ke gyara abin da kunya ta hana a faɗa. Burniya ta shafa wa mijinta maganar a hankali bayan ya ci ya ƙoshi, ya sa hannu, a wuce wurin. Na tarar da ita a tsakar gida tana tsince barkono za ta daka. Na zauna na taya ta, muka taɓa zancen auren 'yar mai gidan burodi da aka fasa, sannan na shigo da tawa ta gefe.

Burniya ta ajiye barkonon.

"Rasit?"

"Na takarda kawai, 'yar'uwa. Ba wai an ce ya karɓa ba."

"To me za a rubuta a ciki, in ba ya karɓa ba?"

"Wato dai... don mutanen ofis."

"Shekara tara, Tamna. Shekara tara tsohon nan yana hawa rufin gidan da Turawa ke kwana su biya. Gwiwarsa ta kumbura, ni nake shafa masa mai. Na taɓa cewa uffan? Mutane nawa suka ce mini, gayya ai ta gidan da ake zaune ce, ba ta gidan kasuwa ba? Na ce su yi mini shiru, matar Ayyad ce. Yau kuma bayan ya yi kyauta, sai ya rubuta cewa an biya shi? Ta ci a wurin baƙi, ta ci a wurinsa, ta ci a wurin gwamnati?"

"Ba ita ta aiko ni ba fa."

"Eh mana. Da ƙafarki kika zo, don kin cika tausayi."

Na rantse mata, amma duk wanda ya san ni ya san rantsuwata ba ta da tsada sosai. Na fito na bar barkonon rabi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina kan rufina ina kwashe shanya, sai na hango Am Sasi tafe da farar jabbarsa da jar hularsa. Bai bi ta lambu ba. Ya zagayo ta babbar ƙofa, wadda baƙin haya ke shiga, ya ƙwanƙwasa da zoben ƙarfen sau uku ya koma gefe ya tsaya. Na durƙusa bayan bangon rufin, daga nan ana jin komai.

Shadliya ta buɗe. "Sasi? Lafiya ka biyo ta nan? Shigo mana, shayi na kan wuta."

"A'a, Hajiya, a tsaye nake."

Bai taɓa ce mata Hajiya ba. Uwar Wafa yake ce mata tun ranar suna.

"An ce kina bukatar takarda. Ga ta. Na sa jikana ya rubuta da kyau, na sa hannu. Kwana tara, mutum shida, dinari dubu huɗu da ɗari biyu. Na karɓa duka, babu saura."

"Wa ya ce maka..."

"Ba komai. Da kin faɗa tun farko da ban bar ki cikin wahala ba. In akwai wani aikin nan gaba, sai a aiko a yi ciniki, yadda takardunki za su riƙa cika."

Ya miƙa mata, ya juya. Bai ɗaga murya ba ko kaɗan, har sallama ya yi mata.

Ban kai ga saukowa ba na ji muryarta daga ƙasa. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Tamna. Sauko. Ina ganin gefen ɗankwalinki."

Abin da ta faɗa mini a tsakar gidana ba zan rubuta shi duka ba. Ta tuno mini abubuwan da na yi tun zamanin da muke amare, wasu ma na manta ni na yi su. Na ce don ke na yi. Ta ce ta sani, shi ya sa ba ta fasa mini kai ba. Daga nan ta zauna a bakin rijiyata, takardar na kan cinyarta. Ban taɓa ganin Shadliya ta tsufa ba sai ranar.

Ba maganar rufi kaɗai ba ce, ko da yake ita ma babba ce, don tulluwar farar ƙasa in ta shekara biyu ba a shafe ta ba ruwa zai shige ta, kuma samarin yanzu siminti da fenti suka sani. Abin da ya fi shi ne, kafin la'asar unguwa ta ɗauka. Wasu na cewa ashe Sasi kuɗi yake karɓa a ɓoye a hannun matar amininsa yana nuna wa duniya gayya. Wasu na cewa a'a, ita ce ta nemi ya yi mata shaidar zur. Ko wanne aka ɗauka, ɗayansu ya zube. Ranar Lahadi aka yi sunan jikar liman, aka aika wa kowace mace ta zo murza kuskus, Shadliya kuwa sai katin gayyata aka kai mata, irin wanda ake kai wa baƙi kamar matar likita.

Sati biyu ba ta yi mini magana ba. Ranar Litinin ta ƙarshe kafin wa'adi ya cika, da sassafe, na ji ana buga ƙofata da ƙafa.

"Sa mayafinki. Za ki raka ni ofishin haraji."

"Ni? Ai na ɗauka..."

"Ban huce ba. Bakinki nake bukata. Ki buɗe idonki da kunnenki, duk abin da kika gani ki zo ki baza, yadda kika saba."

Muka fara biyawa wurin Si Munji ya cika fom ɗin. Ya ga takardar Sasi a cikin jakarta ya ce ta ba shi ya duba. Ya karanta ya gyaɗa kai, ya ce wannan ta yi, har lambar kati akwai.

"Rubuta ɗari da tamanin," in ji Shadliya.

"Hajiya, ɓarnar fa an riga an yi ta. Ko kin sa ko ba ki sa ba, ya riga ya yi fushi. Ki bar fushin ya zo miki da ɗari takwas mana."

Ni ma abin da ke raina ke nan, amma na kama bakina, wanda ba ƙaramin aiki ba ne.

"Ɗari da tamanin, Si Munji. Farar ƙasa. Ka rubuta da manyan baƙi."

Ofishin cike yake, kowa ya bari sai kwanakin ƙarshe. Muka karɓi lamba muka zauna kusan awa biyu. Shadliya ta ƙi zama a kujerun baya, ta ja ni gaba inda mutane suka fi yawa. A layin na ƙirga 'yan unguwarmu uku: mai gidan burodi, surukin liman, da wani ɗan'uwan Burniya mai hayar babura. Na ga ita ma ta ƙirga su.

Wadda ke bayan gilashin yarinya ce da ba ta wuce sa'ar Wafa ba, ga alama 'yar arewacin ƙasar ce daga maganarta. Ta karɓi fom ɗin ta bi shi da biro.

"Inna, gyara ɗari da tamanin kawai? Tsohon gida irin wannan? In kina da wasu rasit ki kawo, haƙƙinki ne, ba alfarma ba ce."

Shadliya ta ɗaga murya kamar mai magana da kurma. "Babu, 'yata. An yi mini gyara na kwana tara bara, amma Am Sasi ne ya yi da mutanen unguwa. Bai taɓa karɓar ko sisina ba, shekara tara ke nan."

"To ai sai ya..."

"Bai karɓa ba. Me zai rubuta?"

Yarinyar ta dube ta, ta dube ni, ta ɗaga kafaɗa ta buga hatimi. Muka koma taga ta biyu wurin biya. Shadliya ta zaro kuɗin daga cikin tsumma ta ƙirga su ɗaya ɗaya a fili. Nan na lura hannunta na hagu babu awarwaro biyu daga cikin huɗun da uwarta ta bar mata. Ban tambaya ba. Na dai ajiye shi cikin abin da zan faɗa.

Kuma na faɗa. Wallahi ban taɓa yi wa labari hidima irin wannan ba. Na fara daga cikin motar haya, na sauka a gidan burodi, na bi ta wurin masu jiran ruwa, da la'asar na shiga gidan wanka na mata inda magana ke yaɗuwa ta fi ko'ina. Na faɗi yarinyar gilashi, na faɗi hatimi, na faɗi awarwaro. Har nawa laifin na faɗa, ko da yake na ɗan rage masa tsawo. Kafin kwana biyu babu gidan da bai ji ba.

Gidan Sasi dai shiru. Burniya ta gamu da ni a hanya ta amsa gaisuwata da hanci.

A shekarar, zaitun ya yi 'ya'ya ƙwarai, har ƙarshen Fabrairu mutane ba su gama kaɗa ba. Sasi na da itatuwa sittin da wani abu a gonarsa ta hanyar teku, kuma saura na can ƙarshe ba a kaɗa ba. Ya ɗauko mata biyar 'yan ƙodago daga ƙetaren ruwa, ga kuma 'yan'uwa da maƙwabta da ke zuwa taya shi kamar kullum. Bana ba a aiko wa Shadliya ba. Ranar Laraba da asuba ta sake buga mini ƙofa, ta ɗaura tsohon zane, ƙahonin ragon da ake sawa a yatsu don tsefe reshe suna rataye a wuyanta.

"Ba a kira mu ba fa," na ce.

"Shi ma ba na kiransa in zai hau rufina."

"In ya kore mu fa?"

"Sasi ba ya kora. In zai yi, abin da ya fi kora zai yi."

Na gane nufinta. Da yamma in an tashi, mai gona kan bi mutane. 'Yan ƙodago ya ba su kuɗin yininsu a hannu. Na gida kuwa ba a ba su komai, sai dai in an matse mai a aika musu da kwalba. In Sasi ya miƙa wa Shadliya kuɗin yini a gaban jama'a, to magana ta ƙare, kuma ba ta da bakin cewa komai.

Muka isa rana na fitowa. Babu wanda ya ce mana sannu, babu wanda ya ce mu koma. Shadliya ta kama gefen shimfiɗar da ake bazawa a gindin itace ta ja, ta sa ƙahoninta ta fara tsefe rassan ƙasa. Ni na zauna wurin tsince ganye daga cikin 'ya'yan, don bayana ba ya son tsayuwa. Sasi na can saman tsani, bai dubi inda muke ba ko sau ɗaya.

Da hantsi Shadliya ta je shan ruwa inda aka rataye rigunan maza a reshe. Na ga ta zaro takardar nan a ninke ta zura a aljihun rigar Sasi. Ba ta iya yaga ta ba, da bisimilla a samanta. Burniya ma ta gani. Ta ci gaba da hura wutar shayinta.

Da azahar aka sauke abinci, kuskus da kabewa da busasshen kifi, akushi biyu, ɗaya na 'yan ƙodago ɗaya na gida. Muka tsaya daga gefe kamar masu neman wani abu a ƙasa. Burniya ta raba cokula, ta rage biyu a hannunta, ta ajiye su a kan tabarma daidai tsakiyar akushin biyu, ta juya baya. Matar nan da ta yi karatu da ta zama alƙali. Shadliya ta ce ba ta jin yunwa. Ni ina ji, na ɗauki cokali na ci a duka biyun.

Rana ta yi sanyi aka ɗaure buhuna, goma sha ɗaya. Sasi ya sauko yana ɗingishi, ya wanke hannu, ya ɗauki rigarsa ya sa. Ya zura hannu a aljihu zai ciro kuɗi, sai ya ci karo da takardar. Ya buɗe ya duba, ya daɗe yana dubawa kamar ba shi ya sa hannu ba. Ya ninke ya mayar. Sannan ya fara bin layi.

Mata biyar ɗin nan ya ba kowace dinari talatin, suna godiya. Ya wuce ƙannensa biyu. Ya wuce matar ɗansa. Ya iso kan Shadliya, tana tsaye tana goge baƙin zaitun daga yatsunta da gefen zane. Kuɗin na hannunsa. Duk gonar ba mai motsi, har mai jakin da ya zo ɗaukar buhuna ya tsaya da igiya a hannu.

Sai Sasi ya ce, "Uwar Wafa, kin bar reshe guda a itacen can na ƙarshe. Idonki ya fara mutuwa ne?"

"Na bar wa tsuntsaye."

"Tsuntsayen gidanku. Gobe ki fara da shi." Ya wuce ta, sannan ya waiwayo. "Kuma farar ƙasar da kika saya bara ba ta da kyau, ta cika yashi. Bana kar ki saya, ni zan zaɓo."

"To."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta sunkuya tana tattara ƙahoninta, ta daɗe a sunkuye fiye da yadda ƙaho uku ke bukata.

Ni kuma ina gefe ina murmushi, ina shirya yadda zan ba da labarin a gidan wanka, sai na ga inuwa a kaina. Sasi ne. Ya kamo hannuna ya buɗe tafin, ya ƙirga dinari talatin a ciki, goma goma, a hankali yadda kowa zai gani.

"Sannu da aiki, Hajiya Tamna. Allah ya yi albarka."

Wata daga cikin 'yan ƙodagon ta tuntsire da dariya, ba ta ma san me ake ciki ba. Burniya ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na dubi Shadliya ko za ta ce wani abu. Ta ce, "Karɓi mana, kin yi aiki."

Na karɓa. Me zan yi, in zubar? A hanyar gida na tsaya na sayi rabin kilo na nama da ƙullin shayi mai kyau, sauran na sa kati a waya.

Sati na biyu na Afrilu Sasi ya shigo gidan Shadliya ta ƙofar lambu da tsaninsa da mutum huɗu, suka yi kwana uku. Nawa rufin da ke manne da nata ba a taɓa shi ba. Na aika a tambaya, ya ce a gaya mini dinari ɗari biyu da hamsin ne, kuma zai ba ni rasit. Burniya ta ce in yi haƙuri zuwa baɗi, wai yana saukowa a hankali. Na sa an ɗora mini leda a kan inda ya tsage, na danne da duwatsu huɗu.